Sudar da Ta Amsa wa Injiniya

Injiniya mai gyaran rediyo ne, kuma ba wata makaranta da ta ba shi wannan suna, shi ya raɗa wa kansa. Hannunsa dai ba laifi, in ka kawo masa rediyo mai tari zai mayar maka da ita tana magana. Matsalar bakinsa ce. Mutum ne da in ka ce ka ga giwa, zai ce shi ya taɓa gyara mata kunne.

Shagonsa na ƙarshen layi, tagarsa ta baya tana kallon wani ɗan kurmi mai sarƙaƙiya da dogayen bishiyoyi. Tun yana saurayi yake zaune a bakin tagar nan yana narka dalma, tsuntsaye na yi masa kiɗa kyauta. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma yana son kurmin nan kamar ransa. Don haka ranar da labari ya zo cewa hukumar gari za ta sare shi a gina gidan mai, sai ya ajiye aikin da ke hannunsa ya fito.

Maƙwabta suka taru a rumfar Mai-aski. Tsohon Hedimasta ya ce tunda hukuma ta ba da lokacin sauraron ƙorafi, a haɗa kai a tafi gaba ɗaya, maza da mata, a faɗa musu kurmin nan shi ke tare ruwa in damina ta yi ƙarfi. Kowa ya ce madalla. Ana shirin tashi Injiniya ya yi gyaran murya.

"Wace wahala ce wannan? Ku kwashi ƙafa ku je ku yi layi kamar masu jiran allura? Ku zauna. Ku bar min."

"Mu bar maka ka yi me?" in ji Tela.

"Akwai tsuntsuwa a kurmin nan da in gwamnati ta ji labarinta, ko ganye ba mai isa ya tsinka."

Abin da ya faru shi ne, da safen nan yana gwada wata rediyo ya ci karo da shirin dabbobin daji. Mai gabatarwa ya yi bayanin wasu tsuntsaye biyu 'yan uwan juna daga dangin suda. Kamarsu ɗaya, kai ruwan toka, baya kore, ƙirji ruwan ɗorawa, baki mai ƙugiya. Ɗaya tana ko'ina, ba wanda ya damu da ita. Ɗayar kuwa mai farin gira, wadda fari ya zagaye mata ido, ta yi ƙaranci har masana na tsoron ƙarewarta, inda duk aka same ta kare wurin ake yi. Da aka sa kukanta, Injiniya ya yi maza ya naɗa. Wani dogon fito ne mai ban tausayi, kuma ya rantse ya sha jin irinsa ta taga.

"To wacce kake ji a cikin biyun?" Hedimasta ya tambaya.

"Haba Malam! Ni za a kawo wa gama-gari? Kunnen da ke gane rediyon da ta sha ruwa tun daga bakin ƙofa? Mai farin gira ce."

Daga bayan rumfa wani ya ƙyalƙyale da dariya. Filasha ne mai hoto, ɗan gwaggon Injiniya, taubashinsa kuma abokin faɗansa tun suna rarrafe. Shagon hotonsa na can ɗaya gefen kurmin.

"Bawana," in ji Filasha, "kai da ba ka bambance zakara da kaza sai ɗaya ta yi ƙwai?"

"Rufe mana baki, bawan gado. Kai da kake ɗaukar ango hoto ka yanke masa kai."

Aka yi dariya, amma maganar Injiniya ta shiga kunne, domin ba mai son zuwa ofis ya wuni a kan benci. Hedimasta ya girgiza kai. Maganar zuwa ƙorafi ta bi ruwa.

Dabarar masu neman tsuntsaye, kamar yadda rediyo ta faɗa, ita ce a sa wa tsuntsu kukan ɗan uwansa a hankali, sai ya zaci baƙo ya shigo masa gida, ya amsa, ya matso. Injiniya ya ji komai ban da "a hankali". Ya ɗauko babbar lasifikar da ake haya a taro, ya haɗa ta da batirin mota, ya ɗora a baro, ya tura bakin kurmi da sassafe ya murɗe ta har ƙarshe.

Abin da ya fito ba ya kama da kukan tsuntsu. Karnukan layi suka ɗauki haushi, jarirai suka tsandara ihu, wata tsohuwa ta fito tana salati tana tambayar wa ya rasu. Mai-aski, da ya riga ya ɗora aska a ƙeyar Tela, ya zabura ya yi masa hanya har kunne. Tsuntsayen kurmin kuwa, masu gira da marasa gira, suka tashi gaba ɗaya suka bar unguwar sai da yamma.

Tela ya iso dafe da ƙeya. "Injiniya, tsuntsuwa kake kira ko tashin ƙiyama?"

"Gwaji ne. Kowane aikin kimiyya da gwaji yake farawa."

"To ga sakamakon gwajin a kaina."

Aka ƙwace lasifika aka kulle a shagon Mai-aski, aka kuma sa shi ya yi alkawari a gaban jama'a cewa ba zai sake kunna wannan kuka ba. Ya yi alkawarin da ƙarfi, har da ƙari. "Ni da ma ba na bukatar na'ura. Da bakina zan kira ta."

A ranar ce Filasha ya leƙo shagon da wata 'yar ƙaramar lasifika ta aljihu da ta daina magana. Injiniya ya buɗe ta, ya ɗiga dalma, ya zura katin da ya kwafi kukan a ciki don gwadawa. Tana yin fito ya yi maza ya kashe yana leƙen ƙofa.

"Ka ji aiki? Wannan kukan da ka ji, ko a ƙasar waje mutum nawa ne suka taɓa jin sa?"

"Na ji. Nawa ne?"

"Je ka, ba na karɓar kuɗin bayi."

Ya miƙa masa yana ta surutu, kati na ciki, ya manta sarai.

Tunda kira ya gagara, sai ya koma kwanton ɓauna. Ya ari madubin hangen nesa a wurin Hedimasta, ya ɗaura rassa a kai da kafaɗu, ya shiga sarƙaƙiya da rarrafe. Ya sami wani kututture mai rami ya jingina, yana yaba wa kansa da iya zaɓen wuri. Ashe rina ma sun yaba da wurin tun kafin shi. Masu shara a bakin layi suka ga wata bishiya ta fito da gudu tana kiran sunan uwarta.

Kafin azahar idanunsa sun kumbura sun zama kamar tsagar asusu. Matarsa ta zaunar da shi a tsakar gida, ta lakato wani farin man shafawa ta zagaye masa idanu biyu da shi. Ta ja da baya ta dube shi, ta cije leɓe, abin ya ci ƙarfinta ta fashe da dariya.

"Maigida, ka daina wahala. Ga mai farin gira nan mun samu a gida."

"Ke dai ba ki san darajar ilimi ba."

"Na san darajar man nan dai, ka kusa ƙarar min da shi."

Masu zuwa dubiya suka yi ta shigowa, kowa ya ce sannu ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Filasha ya zo da kyamara ya ce a bari ya ɗauka don tarihi, aka kore shi da takalmi.

Da kumburi ya saɓe, Injiniya ya zauna ya yi wa kansa lissafi. Lokacin ƙorafi ya wuce, shi ya hana mutane zuwa, kuma ko gashin tsuntsuwar bai gani ba. Tsoro ya kama shi na gaske. Sai ya ce a ransa, alkawarin da ya yi ai a kan babbar lasifika ne. Ya haɗa wata 'yar ƙarama ya saka a aljihun wando, ya zuro waya ta cikin riga zuwa maɓallin da zai danna a tafin hannu. In ya tsuke baki ya danna, duk wanda ya gani zai rantse shi ke fiton.

Da gari ya waye ya shiga kurmi ta gefen shagonsa, ya tsuke baki ko da yake ba mai kallo, ya danna. Fito ya tashi a hankali ya mutu. Ya jira. Can daga tsakiyar sarƙaƙiya, ta wajen wata 'yar ƙorama, aka amsa masa da fito iri ɗaya sak.

Ya sake dannawa, aka sake amsawa. Ya ɗan matsa, ita ma kamar ta matso. Sai rana ta ɗaga, masu wucewa suka fara hayaniya, ta yi shiru. Ya fito yana rawar jiki, abin nema ya samu.

"Ta amsa!" ya faɗa tun daga nesa da rumfar Mai-aski. "Da bakina na kira ta, ta amsa!"

Aka dube shi da idon shakka. Abin mamaki sai ga Filasha ya shigo, wandonsa duk ƙayoyi, fuskarsa ba wasa.

"Jama'a, ban so in faɗa ba, amma bawan nan nawa yau ya yi gaskiya. Ni ma na ji ta da kunnena ta bayan shagona."

In Filasha ya gaskata Injiniya, to lalle akwai magana. Injiniya ya ji kansa ya yi girma har hula ta matse shi. Bai tambayi taubashinsa me ya kai shi cikin ƙaya da sassafe ba, shi ma Filasha bai yi bayani ba. Kowace safiya bayan nan tsuntsuwa na amsawa, kullum daga wajen ƙorama, kullum ba ta yarda a gan ta. Injiniya ya ce ai halin manya ke nan, ba sa fitowa a banza.

Ya nemi lambar ƙungiyar kare tsuntsaye ya buga. Ya ce musu shi masani ne da ya daɗe yana bincike a ɓoye, kuma tsuntsuwar ta san muryarsa. Suka ce za su turo Dakta, ƙwararriyarsu a kan dangin suda. Ya kuma je ofishin filaye da kansa ya gayyato jami'in da ke riƙe da maganar kurmin, ya ce ya zo ya ga dalilin da zai sa katafilarsa ta yi tsatsa a gareji.

Ranar da aka sa, unguwa kaf ta fito, mata a baya da goyo, Tela da sabuwar hula a kan tabonsa. Dakta mace ce mai natsuwa, da takalmin daji da madubi a wuya. Jami'in filaye kuwa sai duba agogo yake. Aka nemi Filasha a ɗauki hoton taro, aka tarar shagonsa a rufe.

"Hassada ce," in ji Injiniya. "Ba zai iya kallon ɗaukakata ba."

Dakta ta tambaye shi, "Malam, ka taɓa ganin idonta? Don kukansu ya yi kama ƙwarai, farin da ke ido shi ne shaida."

"Dakta, ni da ita mun wuce gaisuwar ido."

Ta roƙi jama'a su yi shiru, aka bi shi a layi cikin kurmi. Ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa, ya tsuke baki, ya danna. Fito ya ratsa bishiyoyi. Matarsa ta dube shi da mamaki, don tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya iya fito ba.

Daga wajen ƙorama aka amsa.

Dakta ta kama hannun Hedimasta ba ta sani ba. "Ita ce," ta faɗa da raɗa. "Wallahi irin kukanta ne. Sake kira."

Ya sake, aka amsa, wannan karon kusa. Jami'in filaye ya daina duba agogo. Aka duƙa ana tafiya a kan yatsu, Injiniya a gaba kamar mai jan sallah. Ya kira, ta amsa. Ya matsa, ta matso. Har ya rage wata dunƙulalliyar sarƙaƙiya ce kawai a tsakaninsu, ganyenta na motsi. Dakta ta ɗaga madubi. Injiniya ya juyo ya yi wa jama'a wani murmushi da ya daɗe yana tanadi, sannan ya yi kiran ƙarshe.

Tsuntsuwa ta amsa da dogon fito. Sai aka ji ƙarar reshe ya karye, wani abu ya faɗi ƙasa tim. Fiton ya ƙare, tsuntsuwar ta yi gyaran murya, ta ce da muryar namiji mai kauri:

"To masu sauraro, kun dai ji kukan wannan tsuntsuwa mai ban al'ajabi. Kada ku murɗa akalar rediyonku."

Ba wanda ya motsa. Dakta ta sauke madubi a hankali.

Injiniya ya ce, "Ai... ai da ma an san suda da surutu."

Garin ruɗewa ya damƙe tafin hannunsa, maɓalli ya maƙale. Fito ya tashi daga aljihun wandonsa alhali bakinsa na buɗe, ya yi tsawonsa ya ƙare, sannan wandon Injiniya ya yi gyaran murya ya ce, "To masu sauraro, kun dai ji kukan wannan tsuntsuwa mai ban al'ajabi."

Sarƙaƙiya ta buɗe. Filasha ya fito da rarrafe, kyamara a wuya, rassa a kai, yana laluben 'yar lasifikarsa da ta faɗa cikin ƙaya tana ta karanta gaisuwar masu sauraro. Ya ɗaga kai, suka yi ido huɗu da taubashinsa.

"Kai ne?" in ji Filasha.

"Kai ne?" in ji Injiniya.

"Ka rantse a gaban mutane ba za ka sake kunnawa ba!"

"Kai kuma uban wa ya ba ka kukan?"

"Kai ka bar min shi a ciki! Na ce bari in riga ka ɗaukar hotonta. Safiya nawa ina kwance cikin ƙaya ina lallashin ka!"

"Ni kuwa har addu'a nake yi maka, Allah ya yawaita zuriyarka!"

Nan fa dariya ta ɓarke. Mai-aski ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe ciki. Tela ya cire hula yana fifita tabonsa yana cewa yau ya huce. Mata na tafa hannu, matar Injiniya ta ja mayafi ta rufe fuska, ba a san ko kuka take ba ko dariya. Har jami'in filaye sai da ya juya baya. Injiniya ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, da wandon da har yanzu bai yi shiru ba.

Ana cikin haka, daga ƙololuwar wata bishiya aka yi wani fito, siriri, ba gaggawa. Dakta ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ta duba da madubi, ta miƙa wa Injiniya. Ya ɗora a ido. Ga ta nan a kan reshe, kai ruwan toka, baya kore shar, ƙirji kamar an zuba mata zinariya. Shekara da shekaru tana yi masa waƙa, yau ne ya fara ganin ta. Ya duba idon, ya sake dubawa. Ba farin gira.

"'Yar uwarta ce," in ji Dakta. "Tana ko'ina, ba ta cikin haɗari."

Injiniya ya sauke madubi. Karon farko a rayuwarsa muryarsa ta fito ƙarama. "Dakta, don Allah. Ita ma ai gidanta ne. Sai ta kusa ƙarewa za a tausaya mata?"

"Malam, da a hannuna take da ba a taɓa ko reshe ba. Amma abin da zan rubuta shi ne abin da na gani. Da unguwa ta kai ƙorafi a kan lokaci, da wataƙila an saurare ku."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hedimasta ya karɓi madubinsa da Injiniya ya ara kwanaki, ya rataya ya juya, juyawar nan ta fi wa Injiniya harbin rina ciwo. Jami'in filaye ya ce su yi haƙuri, aiki zai fara mako mai zuwa.

Katafila ta zo kamar yadda aka faɗa. Injiniya bai je rumfar Mai-aski ba, ba kuma wanda ya aiko kiran sa. Ya rufe tagar baya, ya ƙure muryar duk rediyon da ke shagon don kada ya ji faɗuwar bishiyoyi, amma ya ji.

Da aka gama ya zo shago da sassafe, ya buɗe taga. Fili ne fetal, jar ƙasa da sawun taya, har ana hango ƙofar shagon Filasha a can gefe. Ko gwara babu. Ya ɗauki ƙarfen dalma ya ajiye, ya kasa aiki, shirun ya yi masa yawa. Sai ya jawo 'yar lasifikar, ya ɗora ta a bakin taga, ya danna a hankali.

Fito ya tafi ya ratsa filin. Aka ɗan jima. Daga shagon hoto aka amsa.

Matarsa, da ta kawo masa abin karyawa, ta tsaya da kwano a hannu tana saurare. Ta dubi fuskarsa ta ga idanun sun yi ja, ta fasa tsokanar da ta zo bakinta, ta tambaya a hankali.

"Wannan kuma wacce ce a cikin biyun, Maigida?"

Ya share ido da bayan hannu. "Mai yawan ce," ya ce. "Ki kwantar da hankalinki, irinmu ba ya ƙarewa."